Muryar Mai Jan Biro

Shafi na 19

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, har da mai turo min hoton fuskarta a murtuke, to ga shi, a sassauta min haka. Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga inda muke: marubutan Zauren Tawada suna bikin murna a ɗakin taro na saman laburare. Littattafansu huɗu sun fito bana, Auta kuma, ƙaramar cikinsu, ta ciyo kambun babbar gasa. Duk wanda ya ci nasara a zauren nan akwai hannun mace ɗaya a aikinsa, wadda ke yi musu gyaran rubutu ta waya, kuma babu wanda ya taɓa sa ta a ido. Mai Jan Biro suke ce mata.

*

"Jama'a, a sassauta wa kek ɗin nan, akwai na baya," in ji Barista, mai gabatar da taron, yana buga makirufo da yatsa. "Maman Biyu, da ke nake. Littafi kika fitar, ba azumi kika kai ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya.

"Yanzu kuma mun zo kan babbar magana. Yarinyar da ta shigo zaurenmu ba ta san inda ake ajiye aya ba, yau ga ta ta wuce mu duka. Auta, taso!"

Auta ta miƙe. Ummanta na layin gaba, ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto, babban yatsanta ya rufe rabin kyamarar.

Farfesa, shugaban alƙalan gasar, shi ne babban baƙo. Dattijo ne dogo, mai furfura a gemu, ba ya yawan murmushi. Ya miƙa mata kambun da hannu biyu, sannan ya sunkuya kan makirufo.

"Na daɗe ina wannan alƙalanci," ya ce. "Ban taɓa ajiye littafi na fita waje shan iska ba sai a kan babin ƙarshe na yarinyar nan. Ban san inda ta samo shi ba. Allah ya yi wa alƙalaminki albarka."

Aka yi tafi. Umma ta goge ido da gefen mayafi.

Auta ta gode wa Umma, ta gode wa Anti, shugabar zauren, wadda ke zaune kusa da Farfesa da babbar jaka a cinyarta. Sannan ta ciro wayarta.

"Akwai wadda ba ta nan, kuma duk kun san da ba don ita ba da ban tsaya a nan ba. Na roƙe ta ta zo, ta ce ba ta iya hawa bene. Amma da safen nan ta turo min saƙon murya, ta ce a saka muku."

Anti ta ɗago kai da sauri.

"Saƙon me?"

"Na murya, Anti."

"Wa ya turo?"

"Mai Jan Biro mana," in ji Auta tana murmushi.

'Yan zaure suka ɓarke da ihu. Babu wanda ya taɓa jin muryarta a cikinsu, rubutu kawai suke gani. Mai lasifika ya karɓi wayar ya jona. Babu wanda ya lura cewa Anti ta riƙe hannun kujera gam.

Lasifikar ta yi ƙara kaɗan. Sai murya ta fito, ta mace, siririya, da 'yar dishewa. Tana jan numfashi tsakanin kalmomi kamar wadda ta sha tafiya.

"Assalamu alaikum, 'yan zaure. Ni ce mai takura muku ɗin nan. Maman Biyu, barka. Har yanzu kina haɗa 'amma' da 'sai dai' a jimla ɗaya, na gani a shafin farko, na yafe miki saboda yau ranar farin ciki ce."

Maman Biyu ta rufe fuska, ana ta dariya.

"Barista, ka daina kashe mutane a babin ƙarshe don kawai ka rasa yadda za ka yi da su."

"Na tuba!" Barista ya ɗaga hannu.

"Auta, ƙanwata. Kin kai inda ni ban kai ba. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi."

Muryar ta yi shiru. Numfashin kawai ake ji, yana shiga yana fita.

"Sannan ina gaida babban baƙo, Malam Ba-Yanzu-Ba. Na gode da ka karanta a wannan karon."

Saƙon ya ƙare.

Wasu suka yi dariya, a zatonsu wani barkwanci ne. Dariyar ba ta yi nisa ba. Kofin ruwan da ke hannun Farfesa ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa, shi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na kan lasifikar.

"Sake sakawa," ya ce.

Mai lasifika ya dubi Barista.

"Na ce ka sake sakawa!"

Aka sake. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Da aka zo kan "Malam Ba-Yanzu-Ba", leɓen Farfesa ya motsa tare da muryar.

Ya miƙe a hankali, ya dubi Auta.

"Ke. Biyo ni."

*

Ofishin mai kula da laburaren na jikin ɗakin taron. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, kujeru biyu, da tulin tsofaffin littattafan da bangonsu ya ɓalle suna jiran gam. Hasken la'asar na shigowa ta taga ya kwanta kan teburin.

Barista ya shigo bayansu, Anti ma. Har Barista zai rufe ƙofa Umma ta sa ƙafa.

"Hajiya, minti kaɗan ne..."

"Inda za a shiga da 'yata, da ni za a shiga." Ta wuce ta tsaya bayan Auta.

Farfesa bai zauna ba.

"Wa ya ba ki wannan muryar?"

"Ranka ya daɗe, mai yi mana gyara ce. Ita ta..."

"Kin taɓa ganinta?"

"A'a."

"Kin san sunanta?"

"A'a. Ba ta so a tambaya."

"A ina take?"

Auta ta juya wajen Anti. "Anti ce ta sa ta a zaure. Ta ce mana ƙawarta ce, ba ta son fitowa."

Anti na kallon ƙasa.

Farfesa ya dafa teburin da hannu biyu.

"Muryar 'yata ce."

"Ikon Allah," in ji Barista, fuskarsa ta saki. "Ashe ta gida ce! To ai ranka ya daɗe abin farin..."

"Da hannuna na sa ta a kabari."

Daga waje ana jin ƙarar cokula da wata waƙa da mai lasifika ya saka don rufe shirun.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Umma ta faɗa a hankali, ta kama kafaɗar Auta.

"Ba zai yiwu ba," in ji Auta. "Ranka ya daɗe, murya tana kama da murya. Jiya ma mun yi magana. Ta tambaye ni kalar kayan da zan sa."

"Murya tana kama da murya," Farfesa ya maimaita. "Sunan fa? Wa ya gaya mata sunan?"

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

Sai a lokacin ya ja kujera ya zauna.

"Sunan mahaifiyata gare ta, Uwata nake ce mata. Tun tana firamare take rubutu. Ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin karatuna da takardu, ta ce Baba duba min. In ce ba yanzu ba. Ina duba na ɗalibai, ina duba na baƙi, nata ba yanzu ba. Har ta girma ta mai da shi tsokana. In na shigo gida sai ta ce, sannu da zuwa Malam Ba-Yanzu-Ba."

Ya shafa gemunsa.

"Shekarar da aka fara sa ni alƙalancin gasar nan, ta shiga ba da sanina ba. Da na gano, na zare nata daga cikin jerin. Na ji tsoron a ce na fifita 'yata. Ko buɗe ambulan ɗin ban yi ba. Da safe muna karyawa na tura mata shi kan tebur."

Auta ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta san abin da zai faɗa kafin ya faɗa.

"A babinki na ƙarshe," Farfesa ya ci gaba yana kallonta, "uban ya mayar wa 'yarsa da ambulan a kan teburin karin kumallo. Ya manta ya ɗora kofin shayinsa a kai, gindin kofin ya bar zobe a jikin takardar. Yarinyar ta sa yatsa tana zagaya zoben, ta ce, to ko ba komai kofinka ya karanta."

Ya jingina da kujerar.

"Mu biyu ne a teburin nan ranar. Ko mahaifiyarta ba ta nan. Da na karanta sai na ce wa kaina dacewa ce kawai, duniya da faɗi. Yanzu ki gaya min. A ina kika samo kofin shayin?"

Hawaye suka cika idon Auta.

"Na maƙale ne a ƙarshen. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Sai ta turo min murya ta ce, bari in ba ki wani ɗan abu, ki sa uban ya ɗora kofi a kai. Ta ce sauran ki rubuta da kanki. Wallahi iyakar abin da ta ba ni ke nan, kofin da maganar."

"Bayan nan ba ta sake kawo min takarda ba," in ji Farfesa, kamar bai ji ta ba. "Ciwon ƙirji ya kama ta. Haka take numfashi a ƙarshe. Irin wanda kuka ji."

Barista ya gyara tsayuwa, ya koma lauyansa.

"To, kowa ya nutsu. Mamaci ba ya sayen data. Akwai mutum a bayan layin nan, kuma yanzu za mu san ko waye. Auta, kira lambar."

"Ba ta ɗaga kira. Ta ce..."

"Kira dai. Ki sa a fili kowa ya ji."

"Barista, a bari sai an watse," in ji Anti. Karo na farko ke nan da ta yi magana tun shigowarsu. Muryarta ta bushe.

"Me ya sa?"

"Mutane na jira a waje."

"Su jira. Auta, kira."

Auta ta danna. Ta ɗora wayar kan tebur.

Kiran ya shiga.

Sai wata ƙara ta amsa a cikin ɗakin. Ƙara ce ta tsohuwar waya, a daƙushe, kamar daga ƙarƙashin tufafi.

Umma ta ja baya har ta bugi tulin littattafan. Kowa ya shiga waige-waige. A hankali idanu suka taru wuri ɗaya.

Jakar Anti.

"Anti?" Auta ta ce, muryarta ta zama ta yarinya ƙarama.

Anti ta rufe ido. Ta zuge jakar, ta tura hannu can ƙasa, ta fito da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, an ɗaure bayanta da roba. Ta ajiye ta kusa da ta Auta. Wayoyin biyu suna ta ƙara, ɗaya na kiran ɗaya.

Farfesa ya ƙura wa wayar ido.

"Ni na saya mata wannan."

"E, Baba."

Ya ɗago ya dube ta sosai, irin duban da bai yi mata ba duk zaman da suka yi kusa da juna.

"Ke ce mai zuwa asibiti da gilashin ido?"

"Ni ce. Ɗakinmu ɗaya a jami'a." Anti ta durƙusa a gabansa. "Ita ta ba ni wayar, ta ce kar in bari layin ya mutu. A makaranta duk wanda ya yi rubutu ita yake kai wa, da jan bironta a bayan kunne, shi ya sa muke kiranta haka. Da na buɗe zauren nan, in na yi wa mutum gyara sai ya yi fushi, ya ce Anti ta raina shi. Ran nan na ɗauki wayarta na yi gyaran da sunanta, yadda take yi, da tsokanarta da komai. Sai kowa ya karɓa yana godiya. Na ce sau ɗaya ne. Sai na kasa dainawa. In ina rubutawa ji nake kamar tana ɗakin."

"Subhanallah," in ji Barista. "Anti, ke ce kike zagina a kan babin ƙarshe duk shekarun nan?"

Babu wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba.

Auta na girgiza kai.

"Ranar da maɗaba'a ta dawo min da littafina na farko, na ce na daina rubutu, ke ce kika yi ta lallashina? Ke ce kika yi min waƙar nan ta banza har na yi dariya? Anti, ai ba muryarki ba ce. Yaya kike canza ta?"

Anti ta ɗago. Fuskarta ta yi fari fat.

"Abin da nake so in gaya muku ke nan tun ɗazu. Rubutun nawa ne, na amsa. Amma na rantse da Allahn da ya halicce ni, ban taɓa tura wa kowa murya da layin nan ba. Ko sau ɗaya. Da na ji ta a lasifika ɗazu, saura kaɗan in faɗi."

"Ƙarya kike," in ji Farfesa.

"Baba, ga wayar nan. A duba."

Barista ya ɗauka. Anti ta faɗa masa lambobin buɗewa. Ya shiga hirar da ke tsakanin layin da Auta, ya ajiye, ya ce Auta ta buɗe tata. Ya jera su gefe da gefe, kowa ya sunkuyo.

A tsohuwar wayar, rubutu ne zalla. Gyara wannan layin. Cire wannan kalmar. Sannu da ƙoƙari.

A wayar Auta, duk waɗannan rubutun suna nan, ɗaya bayan ɗaya. Amma a tsakaninsu akwai saƙonnin murya, jere, wasu gajeru wasu dogaye. Barista ya yi ta jan allon sama, ba su ƙare ba.

"Gogewa ta yi daga nata ɓangaren," ya ce, amma bai faɗa da ƙarfi ba.

"Ita ta ce kar in gaya wa kowa muna magana da murya," in ji Auta. "Ta ce sauran za su ji haushi. Sai yau ta ce a saka."

"Ni na san labarin Ba-Yanzu-Ba," Anti ta ce tana kuka. "Ta sha faɗa min. Amma kofin shayi ban taɓa ji ba sai a littafin Auta. Ni da na karanta har yaba mata na yi, na ce a ina kika samo wannan?"

Umma ta fizge hannun 'yarta.

"Ajiye musu kambunsu mu tafi. Tun yaushe nake ce miki ki rage kwana da abin sauraren wayar nan a kunne?"

Farfesa ya miƙe. Fuskarsa ta koma irin ta ɗazu a kan mumbari, a ɗaure.

"Na san zamanin da muke ciki. Yanzu da na'ura ana ɗaukar muryar mutum a sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba. Akwai tsofaffin saƙonninta a wayar nan, da su kuka yi aiki. Ban san wace ce a cikinku ba, ko ku biyun ne. Kun tono min 'ya don ku taɓa zuciyar alƙali, kuma kun taɓa."

"Ranka ya daɗe, wallahi..."

"Gobe zan sanar da kwamiti. Kambun nan zai dawo, kuma za a faɗi dalili a bainar jama'a."

Auta ta ji kamar an zare mata ƙasa. Duk shekarun da ta yi tana rubutu a bayan kantin magani inda take aiki, tsakanin mai saye da mai saye, ga inda za su ƙare. Ba kambun ba ma. Sunan da za a liƙa mata.

"Farfesa, a yi adalci," in ji Barista. "Ba a yanke hukunci kafin bincike. Bari a fara da wannan."

Ya danne maɓallin tsohuwar wayar har allonta ya mutu. Ya cire robar, ya ɓalle murfin, ya zare batirin ya ajiye gefe. Ya sa farce ya ciro sim ɗin, ya ɗora a tafin hannunsa ya nuna wa kowa.

"Ga sim a hannuna, ga waya a kashe. Kowa ya gani? Daga yanzu layin nan ba ya hannun kowa sai ni. Gobe mu kai wa masana su duba."

"Ku kai wa wanda kuka ga dama," in ji Farfesa. "Ni na gama."

Ya nufi ƙofa. Ya kama hannun ƙofar.

Wayar Auta ta yi ƙara a kan tebur.

Ƙara ɗaya, gajeriya.

Babu wanda ya motsa. Allon ya kawo haske, kuma daga inda kowa yake tsaye ana iya karanta sunan da ke kai.

Mai Jan Biro. Saƙon murya.

Barista ya buɗe tafin hannunsa ya kalli sim ɗin. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Kar ki taɓa," Umma ta ce da raɗa. "Don girman Allah kar ki taɓa."

Farfesa bai juyo ba. Hannunsa na kan ƙofar.

"Saka," ya ce.

Yatsan Auta ya sauka kan allon.

Da farko ba muryarta aka ji ba. Ta namiji ce, kusa sosai, kamar mai ɗaukar na tsaye a gefen kafaɗarsa.

"Ga sim a hannuna, ga waya a kashe. Kowa ya gani?"

Barista ya yi tsalle gefe, ya waiga bayansa. Bango ne kawai, da tulin littattafai.

Sai numfashin nan ya biyo, yana shiga yana fita. Sai 'yar dariya, a hankali.

"Baba, ina za ka? Dawo ka zauna mana. Ai ba a kira sunana a gasar ba tukuna."